Zanen da Ba a Yanka Ba

Shafi na 14

Salamu alaikum mutanena. Masu cika mani waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun kafin in ɗora ruwan koko, to ga shi, ku sarara mani haka nan. Ke kuma baiwar Allah da kika rantse in wani abu ya samu Asma'u kin daina karantawa, ni dai ban ce komai ba. Gyara zama kawai.

Mun tsaya a kangon bayan kasuwa, inda yaran da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan bayan Dandume ke kwana a kan siminti, ga damina ta zauna daram. Matan ƙungiyar Allura da Zare, masu haɗa ƙyallaye su cusa auduga su ɗinka barguna saboda Allah, sun kawo guda arba'in. Ana tsakiyar rabo wata yarinya ta ƙwalla ƙara.

* * *

"Zanen Innata ne!"

Kowa ya tsaya cak.

Raudatu ce, 'yar shekara goma sha uku, siririya, wadda ke riƙe da ƙannenta mata biyu tun da aka kashe babansu aka tafi da uwarsu daji. Ta juya bargon da aka miƙa mata ta baya, ta ƙanƙame shi a ƙirji.

"Wallahi zanen Innata ne!"

Hajiya Hansai, shugabar ƙungiyar, ta ajiye bargon da ke hannunta ta matso.

"Yi a hankali 'yar nan. Me ya faru?"

Amina, wadda duk ƙungiyar an san bakinta ba ya shiru, ta taɓe baki.

"Ke, atamfar nan ai ta cika kasuwa. Ni kaina na yi ankonta bikin ƙanwar mijina. Duk mai irinta ta zama Innarki?"

Raudatu ba ta ko kalle ta ba. Ta lalubo gefen zanen ta ɗaga.

"Ku duba nan."

Wata 'yar ƙuna ce kamar girman kwabo, an ɗinke ta da jan zare, ɗinkin a karkace.

"Garwashi ne ya faɗo mata tana tuyar waina. Ni na ɗinke. Baƙin zare ya ƙare na sa ja, har ta ranƙwashe ni ta ce na ɓata mata zane."

Ta shafa ɗinkin da yatsa.

"Da shi ta fita gona ranar da suka ɗauke ta."

Innalillahi.

A can baya, kusa da buhunan da aka zubo bargunan, Asma'u tela, 'yar ƙungiyar, na tsaye. Ta dafa bango.

Ita ta ɗinka bargon nan. Ita kuma ta kawo zanen.

Ku da kuka biyo mu kun san dokar Hajiya Hansai. Duk tsumman da aka kawo, a babban baho ɗaya ake juye shi, ba a tambayar na wane ne. A wanke, a shanya, sannan a yanka shi gutsi-gutsi kamar faɗin tafin hannu. Hajiya ta ce ba ta yarda wata ta ga yaro a titi ta ce wancan tsohuwar rigata ce ya lulluɓa da ita ba. Shekara biyu ba wadda ta karya dokar nan.

Sai Asma'u, sati biyu da suka wuce. Ta ga zanen da sauran ƙarfinshi, ta ji asara ce a sa mashi almakashi, ta shimfiɗa shi ɗungurungum a bayan bargo ta bi da keke. Ɗan ƙyashin yadi na teloli, shi ke nan fa.

"Hajiya wa ya kawo shi?" in ji Raudatu.

"Ba mu tambaya, 'yar nan. Haka tsarinmu yake."

"An ce mana ta rasu. Wani da aka sako ya ce zazzaɓi ya kashe ta a daji. Mun yi addu'ar bakwai, mun yi ta arba'in. To wa ya cire mata zane?"

Ta bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wanda ya kawo shi ya san inda gawarta take. Ko kuma da shi aka ɗauke ta."

Hajiya ta ce, "Subhanallahi! Ki daina faɗin haka."

"Zan kira Kawu Maharazu."

Jin sunan nan ya sa matan suka dubi juna. Maharazu yayan uwar Raudatu ne, kuma babba ne a cikin 'yan sa-kai. Shi ma gidanshi ya ƙone, a daji yake wuni da bindigarshi. Tun da aka ɗauke ƙanwarshi Ladidi ba wanda ya sake ganin haƙorinshi.

Hajiya ta karɓi bargon a hankali kamar za ta duba ƙunar. Amma ba ƙunar ta duba ba. Kusurwa ta kama, ta bi ɗinkin da babban yatsa. Mutum ɗaya ce a ƙungiyar ke maimaita ɗinki sau uku a kusurwa ta kuma ƙone bakin zaren da ashana.

Ta ɗago. Idonta ya faɗa cikin na Asma'u, ta ɗauke shi nan take.

"Ku ci gaba da rabo," ta ce. "Asma'u, zo ki kama mani buhun nan mu kai Napep."

Buhun wofi ne. Ko jaririya ta iya ɗaukar shi.

* * *

Suna zagayawa bayan kangon Hajiya ta yar da buhun.

"Ina kika samo shi?"

"Hajiya ni..."

"Kada ki ce mani a baho kika tsinta. Ni na wanke kayan bahon nan da hannuna, babu shi a ciki."

Asma'u ta sunkuyar da kai.

"A gida na ɗauko."

"Naki ne?"

"A'a."

"Na wa?"

Asma'u ta shiga murza bakin hijabinta.

"Ma'u, ni fa na goya ki ranar sunanki. Na wa?"

"A ƙarƙashin katifar Sada na gan shi."

Hajiya ta dafe ƙirji.

Sada ƙanen Asma'u ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shekara shida iyayensu suka rasu, ita ta raine shi, da shi ta tare gidan miji, da mijin ya rasu kuma suka ci gaba da zama su biyu. Yanzu shekararshi ashirin da huɗu, yana acaba tsakanin Funtua da ƙauyuka.

"Na zaci na wata budurwa ce," Asma'u ta ce, muryarta na karyewa. "Raina ya ɓaci. Na ce bari in ɗauke in ga ko zai iya buɗe baki ya tambaye ni. Bai tambaya ba. Ni kuma na ɗinke."

"Ya Salam."

"Hajiya Sada ba zai yi ba. Wallahi ba zai yi ba. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa?"

"Ni ba ni za ki faɗa wa ba. Kin san abin da ake wa ɗan acaba in aka ce infoman 'yan bindiga ne?"

Ta sani. Duk garin an sani. Ba a tsayawa bincike.

"Tafi gida yanzu ki tambaye shi. Ni zan riƙe yarinyar nan iya ƙarfina. Amma ki sani, ba ni kaɗai ke gane ɗinkinki ba."

* * *

Ta tarar da shi a tsakar gida, ya naɗe wando yana kankare taɓo daga tayar mashin, yana 'yar waƙarshi.

"Yaya har kun gama? Akwai sauran ɗumame kuwa? Yunwa kamar ta..."

Ta mayar da ƙofa ta danna sakata.

Ya miƙe, tsinken kankarar a hannu.

"Lafiya?"

"Zanen da ke ƙarƙashin katifarka. Na wa ne?"

Ai kuwa tsinken ya suɓuce. Fuskarshi ta sauya lokaci guda. Da ma so take ya yi dariya ya ambaci sunan wata yarinya.

"Ke kika ɗauka?"

"Ni ke tambaya!"

"Ina yake? Yaya ina kika kai shi?"

"Yana bayan bargo a hannun 'yar mai shi. Ta gane shi a gaban mata goma da yara arba'in. Ta ce za ta kira kawunta."

Sada ya zame ya zauna a kan taɓon, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Kin kashe ni. Wallahi Yaya kin kashe ni."

Ta yi kanshi ta cakumi wuyan rigarshi.

"Ni na kashe ka? Dube ni! Sada dube ni nan! Da kai ake ɗaukar mutane?"

"A'uzubillahi!"

"Kai ke kai masu rahoto?"

"Yaya!"

"To uban me zanen matacciya yake yi a ɗakinka? Da wannan ƙafar na yi ta taka keke har ta kumbura don kada ka yi sata. Ashe abin da na raina ke nan?"

"Ba ta mutu ba."

Hannunta ya saki.

"Me ka ce?"

"Matar. Ladidi. Tana da rai. Ni na gan ta da idona."

Asma'u ta nemi turmi ta zauna.

"Faɗa mani. Kada ka tsallake ko kalma ɗaya."

Ya share fuska da bayan hannu.

"Kin tuna ranar da na ce maki na kai wani Tsiga ruwa ya tare ni?"

"Na tuna."

"Ba ruwa ba ne. Wasu mutane ne a can aka ɗauke babansu, tsoho mai ciwon suga. 'Yan dajin suka ce a kai mashi magani da abinci in ana so a same shi da rai. 'Ya'yan suka rasa mai zuwa. Babban ɗan ya durƙusa mani a tasha yana kuka, namiji da gemu. Na kasa cewa a'a."

"Ka shiga daji."

"Sau ɗaya. Na rantse da Allah sau ɗaya."

"Ka shiga daji, Sada, ka dawo ka ci tuwona ka ce ruwa ne ya tare ka."

"In na faɗa maki za ki bar ni?"

Ya ci gaba.

"Da na sauke kayan suka ce in jira a gindin wata itaciya. Akwai mata suna daka. Ɗaya ta zo kamar za ta kwashe buhun da na juye. Ta cusa abu a ciki ta naɗe, ta miƙo mani ba ta ko dube ni ba. Bakinta kawai ke motsi. Ta ce, ɗan nan don girman Allah, Funtua, ka nemi Maharazu na Gidan Shitu. Ka ba shi wannan, zai gane. Ka ce Ladidi na da rai."

Ku da ba ku zauna yankinmu ba, haka ake yi. Wanda ke hannunsu ba shi da waya, ba shi da takarda. In ya samu mai fita sai ya ba da hula, ko ɗankwali, ko takalmi ƙafa ɗaya, abin da 'yan gida za su gani su tabbatar. Ladidi ba ta da komai sai zanen jikinta. Wani tsumman buhu ta ɗaura ta ba da shi.

"Yau kwana nawa?" Asma'u ta tambaya.

Ya kau da kai.

"Kwana nawa, Sada?"

"Sha tara."

Tas! Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Rabon da ta mare shi tun yana firamare.

"Kwana goma sha tara! 'Ya'yanta na kwana a siminti suna mata addu'ar matattu, kai kana kwance a kan saƙonta!"

"Na neme shi!" Shi ma ya ɗaga murya, hawaye na zuba. "Washegari na je na tambaya waye Maharazu na Gidan Shitu. Aka nuna mani shi. Yaya, shi ne fa wanda ya tsaya a tasha ya ce duk ɗan acaban da tayarshi ta taka dajin nan, ko ruwa ya kai, hukuncinshi ɗaya da su. Kin manta Mudi?"

Ba ta manta ba. Mudi abokin Sada ne tun suna yara. An tare shi da buhun burodi a hanyar daji. Har yau uwarshi na rantsuwa gidan suna zai kai. Ba wanda ya tsaya jin wannan, da la'asar aka kawo mata shi a cikin tabarma.

"Sau uku ina zuwa da zanen a cikin rigata," in ji Sada. "In na hango shi sai ƙafata ta ƙi. In ce mashi me? Na ga ƙanwarka? Ya ce a ina? Da na dawo na tarar babu zanen, wallahi har wani sanyi na ji. Na ce Allah ne ya ɗauke mani."

"Allah ya ɗauke maka. Ita kuma fa?"

Ya kifa kai a gwiwa.

"Akwai abin da ban faɗa ba."

"Akwai kuma?"

"Ciki gare ta. Ya tsufa sosai. Da ƙyar take ɗaga taɓarya."

Asma'u ta rufe ido. Wata huɗu da ɗauke ta. Kwana goma sha tara da ganinta da tsohon ciki. Ko ta haihu a gindin itace cikin ruwan nan, ko tana gab. Kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya san hanyar wurin, ga shi nan zaune cikin taɓo yana kuka kamar ɗan yaye.

Haushinshi take ji kamar ta shaƙe shi. Tausayinshi kuma ya fi haushin yawa.

"Za ka gane wurin?"

"Ko ido rufe."

"To tashi. Wanke fuskarka. Za mu je wurin Hajiya, ta kai mu wurin mai unguwa, shi ya kira Maharazu a gaban manya. In da dattawa a wurin ba zai..."

Wayarta ta ɗauki ƙara. Hajiya Hansai.

"Ma'u kina gida?"

"Ina gida Hajiya. Yanzu za mu taho, akwai magana, matar nan..."

"Kada ku fito! Saurara. Maharazu ya zo. Ya ɗaga bargon ya ce wa ta ɗinka, na ce ban sani ba. Amina ta buɗe baki."

"Innalillahi..."

"Ta ce ɗinkin Asma'u ne, kowa ya san kusurwarta. Har da cewa ai ƙanenki ɗan acaba ne. Sun taho, mashin huɗu, da yarinyar. Ina bayansu a Napep amma sun yi mani nisa. Ina Sada?"

"Ga shi."

"Allah ya kiyaye. Allah ya kiyaye."

Wayar ta katse.

Sada ya ji komai. Ya miƙe yana waige-waige, leɓɓanshi sun bushe.

"Yaya ya zan yi?"

Daga nesa, can bakin layi, ƙarar mashina ta fara tasowa.

Nan fa dabara ta ƙwace wa Asma'u. Mai unguwa, dattawa, duk suka fice mata daga kai. Uwar Mudi kawai take gani durƙushe gaban tabarma.

"Katanga," ta ce. "Haura ta baya. Bi ta gonar dawar bayan gida, kada ka hau titi. Ka tafi Gozaki wurin Goggo."

"In na gudu ai sun tabbatar..."

"In ka tsaya ba za su bari ka buɗe baki ba! Ni mace ce, ba za su taɓa ni ba. Zan yi masu bayani, in zuciya ta kwanta sai ka dawo. Tafi!"

"Yaya..."

"Don darajar iyayenmu ka tafi!"

Ya taka turmi ya kama katanga. Ya waigo sau ɗaya. Ta ji dirarshi a baya, tim, sai kuma ƙarar ganyen dawa.

Ta sauke numfashi. Ta ja buhu ta rufe mashin ɗin, abin dariya, kamar buhu zai ɓoye mashin.

Bam! Bam! Bam!

"Salamu alaikum! Masu gida!"

Ta gyara hijabi ta zare sakata.

Maharazu ne, dogo, baƙi, idanunshi jajur. Bindiga rataye a kafaɗa, bargon a hannu. Bayanshi maza biyu. Gefenshi Raudatu, fuska duk sawun hawaye. Maƙwabta har sun fara leƙowa ta kan katanga.

"Ke ce Asma'u tela?"

"Ni ce. Sannunku da zuwa."

"Ke kika ɗinka wannan?"

"Ni ce."

"Ina kika samu zanen?"

Ƙarya ta zo mata har bakin harshe. Gwanjo. Ta ce a gwanjo ta saya ranar kasuwa, wa zai ƙaryata? Sai ya juya, Sada ya tsira, magana ta mutu.

Ladidi ma ta mutu ke nan, karo na biyu.

Maharazu ya yi magana, muryarshi ta yi ƙasa.

"Baiwar Allah, ban zo da faɗa da mace ba. Ƙanwata ce. Ni na aurar da ita. Ko kabarinta ban sani ba. Wanda ya iya tuɓe wa gawarta zane shi nike nema."

Raudatu ta matso ta kama bakin hijabin Asma'u.

"Anti, ke ce kike kawo mana ƙosai ran Juma'a. Don Allah ki faɗa. Ko inda aka binne ta ne in sani."

Wayyo. Asma'u ta dubi yarinyar. Ta kasa kunne ta baya, ba motsi. Ta ƙiyasta a ranta, yanzu ya ratsa gonar, ya kusa rafi. Ya yi nisa.

"Ba a binne ta ba," ta ce.

"Me?"

"Innarki na da rai, Raudatu. Ita ta aiko da zanen da hannunta. Ta ce a kawo wa Maharazu na Gidan Shitu, zai gane."

Raudatu ta saki wata irin ƙara ta zube a ƙasa. Bargon ya faɗi daga hannun Maharazu. Wannan ƙaton mutum sai ga shi ya dafa ƙyauren ƙofa.

"Ladidi?"

"Tana da rai. Da tsohon ciki. Tana jiran ka."

"Yaushe? Yaushe ta aiko?"

Asma'u ta dubi ƙasa.

"Kwana goma sha tara."

Hannunshi ya sauka daga ƙyauren a hankali.

"Sha tara."

"Tsoro ne Malam. Wallahi tsoro ne ya hana a kawo maka. Ka zauna in yi maka bayani, Hajiya na tafe, a kira mai unguwa..."

"Wa ya karɓo?"

"Ka yi mani alkawari tukuna."

"Wa ya shiga dajin?"

"Magani ya kai wa wani tsoho. Sau ɗaya. Akwai shaidu a Tsiga, 'ya'yan mutumin na nan da ransu, a kira su. Kuma shi kaɗai ya san hanyar da za ta kai ka wurinta. In ka taɓa shi ka rasa ta."

"Suna nike tambaya."

Ya tsira, ta faɗa wa kanta. Ya yi nisa.

"Ƙanena ne. Sada."

"Yana ina?"

"Ba ya nan. Tun safe ya fita."

Maharazu ya dubi bayanta, inda tayar mashin ke leƙowa ƙarƙashin buhu, ruwan wanki bai ko bushe ba.

Sai hayaniya ta taso daga lungun gefen gida.

"Oga! Oga!"

Sai a lokacin lissafin ya zo mata. Mashin huɗu Hajiya ta ce. Maza uku ne a ƙofarta.

Wasu biyu suka ɓullo daga lungun, suna jan mutum a tsakiyarsu. Riga a yage, ganyen dawa a gashi, jini na bin gefen bakinshi. Hannuwanshi ɗaure ta baya da igiyar mashin.

Ɗayansu ya ce, "Da ma ka ce mu zagaya baya. Muna isa yana dirowa daga katanga. Ya ba mu wahala cikin dawa kafin mu danne shi."

Layin ya cika da mutane. Wani daga baya ya ce, "Infoma ne!" Wani ya karɓa. Wani yaro-matashi ya sunkuya yana laluben dutse.

"Ni na ce ya gudu!" Asma'u ta yi tsalle ta tare gaban Maharazu, ta ware hannuwa. "Wallahi ni na tilasta mashi! Shi cewa ya yi zai tsaya! Ni ce! Ni ce!"

Ko kallonta bai yi ba. Da hannu ɗaya ya kawar da ita gefe.

"Yanzu kika ce tun safe ya fita."

Ta juya ta dubi ƙanenta.

Sada ya ɗago kai da ƙyar, ido ɗaya a kumbure. Ba Maharazu ya nema ba, ita ya nema.

"Yaya..."

Maharazu ya sauke bindigar daga kafaɗa.

"Ku matsa mani daga bayanshi."